Rigar da Zdenka Ba Ta Rage Ba

"Ɗaga hannun mana, ko sai na nemo ɗan dako ya ɗaga maka?"

"Ai na ɗaga, Teta."

"Wannan ne ɗagawa? Kazar da ruwa ya yi wa duka ma ta fi ka buɗe fiffike. Juya."

Lenart ya juya a kan ɗan bencin da yake tsaye. Zdenka ta zare fil ɗaya daga cikin ukun da ke bakinta, ta kama yadin rigar tsallensa daidai ƙugu, ta tattaro shi tsakanin yatsunta. Abin da ta tattaro ya fi yadda ta zata. Ta saki, ta sake kamawa.

"Naman da na bari a nan kafin Kirsimeti, ina ka kai shi?"

"Na bar wa Jamusawa. Sun ce suna so su yi iri."

"Uhm. Sau uku ke nan tun Nuwamba."

"Yadin ne ke saki."

"Yadin ko? Shekara ashirin da shida ina yanka yadin nan, yau kai da na goya za ka karanta mini halinsa."

Ya yi dariya. Da ta ce ya sauko, sai ya sauke ƙafa ɗaya, ya tsaya, ya dafa teburin yanka da hannu biyu, ya runtse ido. Abin bai daɗe ba. Ya ce ƙafarsa ce ta sage. Ta ce to. Ta yanko masa potica, naɗaɗɗen burodinmu mai zaƙi, ya naɗe a takarda ya ce sai ya je gida. Ta taga ta hango shi a bakin shinge yana miƙa wa karen maƙwabta.

Kowa a ƙauyenmu Teta yake kiran Zdenka, wato gwaggo, har waɗanda suka girme ta. Amma tsakaninta da Lenart abin ya wuce suna. Ita ta riƙe shi a coci ranar baftismarsa, kuma ita da mahaifiyarsa Majda benci ɗaya suka zauna tun ajin farko. Ita ba ta haihu ba. Mijinta Cveto ya rasu shekara tara da suka wuce, ya bar mata gida, da bishiyar tuffa biyu, da ɗakin ƙasa inda ta girke kekunan ɗinkinta.

Tana da shekara goma sha bakwai ta shiga kamfanin ɗinkin da ke bakin kogi. Shekara goma sha takwas ta yi a can tana ɗinka kwalar riguna, kwala kawai, ba hannu ba aljihu. Da kamfanin ya rufe sai ta zauna gida tana gyaran wando da labule, har ranar da wani daga ƙungiyar tsalle ta ƙauyenmu, masu sulalowa daga tudun ƙanƙara da dogayen katakai a ƙafa su yi shawagi a iska, ya kawo mata rigar wani yaro da ta yage a gwiwa. Ta gyara, ta kuma ce masa wanda ya ɗinka ta bai san inda kafaɗar mutum take ba. Daga nan aka fara. Rigunan yara, sai na samari, sai aka wayi gari manyan da ke zuwa gasar duniya suna ajiye motocinsu a ƙofarta.

Aikin ba shi da wurin kuskure. Rigar guda ɗaya ce daga wuya zuwa idon sawu, kuma doka ta ce ba za ta fi jikin mai ita da abin da ya wuce faɗin yatsu biyu ba, domin riga mai yalwa tana kama iska ta ƙara wa mutum nisa. Wanda aka auna aka ga tasa ta fi, an soke tsallensa ke nan, ko da ya wuce kowa. A shekara ashirin da shida ba a taɓa soke wa kowa tsalle saboda ɗinkin Zdenka ba. Har ya kai mutanen tawagar ƙasarmu sun daina sake auna abin da ya fito daga hannunta.

Kowane ɗan tsalle yana da zubinsa na kwali a rataye a ƙusa, da sunansa a jiki. Da kwalayen nan ta san su fiye da yadda iyayensu suka san su. Ta kan ce ita ba ta kallon tsalle, ɗinki take kallo. Muna ihu a gaban talabijin mutum yana shawagi a kan dusar ƙanƙara, ita kuwa sai ta yi tsaki ta ce, "Dubi hammatar nan, wane makaho ne ya haɗa ta?"

Lenart tsarana ne, aji ɗaya muka yi. Shekara shida ya yi a gefen tawaga, yau a ɗauke shi, gobe a bar shi gida ya kalli gasa a talabijin kamar mu. A hunturun da nake ba da labari, yana da shekara ashirin da huɗu, sai abin ya juya. A Finland ya zo na goma sha biyu. A Switzerland na takwas. A gasar tuddai huɗu ta sabuwar shekara ya ƙare na tara. Mai gidan abincin ƙauyenmu ya rataya hoton Lenart kusa da na nasa kakan. Tsofaffi da ba su taɓa gaishe shi ba suka fara cewa tun yana ƙarami sun ga alama.

Kowa a kwarinmu ya san mara nauyi ya fi nisa. Yaro ɗan shekara goma ma ya sani. Amma ba a faɗa. Sai dai a ce wane ya shirya sosai bana, ko a ce jikinsa ya yi kyau.

Zdenka ta gwada magana sau biyu, irin gwajin da muke yi a nan. Na farko da koci Drago, ranar da ya zo karɓar riguna.

"Drago, ba ku ba yaran nan abinci ne a otal ɗin naku? Lenart ya kusa shigewa ta ramin allurata."

"Haba Teta, ke ma da baki! Sikeli bai taɓa kama shi ba. Kin san doka, wanda nauyinsa ya gaza ana rage masa tsawon katakan ƙafarsa. Shi ko sau ɗaya."

Ta san dalili. Ɗaya daga cikin abokan tsallensa ya taɓa yin raha a ɗakinta cewa kafin Lenart ya hau tudu sai ya shanye gora biyu ta ruwa, har suna kiransa tanki. Amma ba ta faɗa wa Drago ba. Ta ga kamar tona asirin ɗanta ne a gaban mai iya ajiye shi.

Na biyu da Majda, suna fitowa daga coci.

"Yaron nan yana cin abincinki kuwa?"

"Ya ce a can yake ci, likitansu ne ke tsara musu." Majda ta gyara ɗankwalinta. "Zdenka, shekara shida ban ga haƙoransa ba sai bana. Ki bar shi ya ji daɗi."

Sai ta bar maganar. Suka koma zancen wanda zai kawo furanni Lahadi mai zuwa.

A ƙarshen Fabrairu tawaga ta dawo daga Japan, Lenart ya zo da rigarsa a jaka, karo na biyar. Da ya cire rigar sanyinsa don a auna shi, Zdenka ta ga bayansa ya tsiro wani gashi laushi-laushi kamar na jariri, ƙasusuwan kafaɗarsa sun taso. Murhu na ci, ɗakin da zafi, amma hannunsa kamar an ɗauko daga rafi. Ta zagaya tef a ƙugunsa, ta duba, ta sake zagayawa.

"Lenart, kana cin abinci kuwa?"

"Kamar doki."

"Dokin da ke ciwon haƙori?"

Ya yi dariya, amma bai kalle ta ba. "Saura wata guda, Teta. Finland, Norway, sai Planica a gida, an gama. Ranar da aka rufe gasa ki yanka mini saniya, ni kaɗai zan cinye ta har ƙaho."

"Za ka kai ranar kuwa?"

"Kai Teta! Bakinki fa. Ki rage mini kawai, jibi za mu tashi."

Bayan ya fita ta sauko da kwalinsa don ta rage shi daidai da sabon awon. Da ta gama zanawa da alli, sai ta ga ta san wannan faɗin. Ta sauko da na wani yaro ɗan shekara goma sha huɗu na ƙungiyar ƙauye, ta ɗora a kai. A ƙugu da cinya, ɗaya suke.

Washegari da safe ta farke ɗinkin rigar daga hammata zuwa gwiwa. Ta zana sabon layi da alli, inda ya kamata allura ta bi. Ta zauna tana kallonsa har shayinta ya huce. Sannan ta goge allin da tsumma, ta sa sabon zare, ta mayar da ɗinkin a kan ramukansa na dā, ɗaya bayan ɗaya, ba ta rage ko ƙwayar zare ba. Ta goge rigar, ta ninke.

Ga abin da ta ƙulla a ranta. Bayan tsalle akan shiga da mutum ɗakin awo. Idan riga ta fi, dole ya tuɓe a zagaya tef a jikinsa tsirara, a gaban baƙi waɗanda ba su san uwarsa ba, ba su kuma jin nauyin kowa. Su za su ga abin da ta gani. Su za su kira likita, su faɗi maganar da ta gagari mutanen ƙauyenmu. Ta zaɓi Lahti, can Finland, don ta ga kunyar da aka sha a nesa ta fi sauƙi a kan wadda za a sha a Planica a gaban dangi. Ta ɗauka zai zo na goma ko na sha biyar, a soke, a wuce wurin.

Ranar Asabar da yamma muka taru a gidan Majda, mu kusan ashirin, ina cikinsu. A zagayen farko Lenart ya zo na biyar. A na biyu iska ta zo masa ta gaba daidai lokacin da ya bar bakin tudu, ya kwanta a kanta, ya yi ta tafiya har ya wuce jan layin da ke nuna tsalle ya yi nisa sosai. Biyu daga cikin huɗun da suka rage suka kasa kamo shi. Na uku! Karon farko a rayuwarsa. Majda ta durƙusa a gaban talabijin tana kuka, wani ya fasa kofi, wani ya fita waje yana buga ƙararrawar shanu. Zdenka tana zaune a kujerar kusa da ƙofa, hannayenta a cinya, fuskarta kamar ta wadda aka aiko wa da rasuwa.

Ba a yi minti goma ba sunansa ya sauka daga na uku zuwa can ƙasan allo. Mai sharhi ya ce matsalar riga ce. Ɗaya bayan ɗaya aka juya aka kalli kujerar kusa da ƙofa. Ta tashi, ta ɗauki mayafinta, ta fita. Babu wanda ya raka ta.

A ɗakin awo an yi yadda ta zata. Ya tuɓe, an zagaya tef. Mai awon ya rubuta cewa riga ta wuce abin da doka ta yarda da santimita uku a ƙugu, ya sa hannu, ya kira na gaba. Aikinsa riga ne. Babu wanda ya kira likita.

A ƙauye aka ce idon Teta ya fara mutuwa. Masu kirki suka ce shekaru ne. Ranar Talata Drago ya zo, ya cire hularsa a ƙofa, ya ƙi zama. Ya ce ba wanda ke ganin laifinta, amma an yanke cewa ɗinkin sauran gasar wani tela a birni zai yi. Ya sauke kwalayen manyan daga ƙusoshi da kansa, yana cewa ta yi haƙuri. Ta taya shi ɗaurewa da igiya.

Lenart sai da yamma ya zo. Bai shigo ciki ba, ya tsaya a kan matakala.

"Teta, tambaya ɗaya. Kuskure ne?"

"A'a."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Na ji ta saki tun a ɗakin sa kaya. Na ɗauka ni ne na ƙara ramewa a hanya. Har daɗi na ji."

"Ka ji abin da ka faɗa kuwa?"

"Shekara goma sha bakwai ina hawa tudun nan don minti ɗayan can. Sun riga sun kira ni in tsaya a layin masu karɓar kyauta. Ina tsaye aka zo aka taɓa mini kafaɗa."

"Kana mutuwa ne, Lenart. A hannuna nake jinsa duk sati uku."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa!"

"Doki mai ciwon haƙori. Wannan ne faɗa?" Muryarsa ba ta tashi ba. "Da kin zaunar da ni kin ce abin da kika ce yanzu, wataƙila in zage ki, wataƙila in ji. Ban sani ba. Yanzu maki sittin sun tafi, kuma sai na dawo da su kafin Planica."

"Shigo ka sha miya. Ko cokali biyar."

"Sai anjima, Teta."

Da ya tafi ta sa takalmi ta nufi gidan Majda, ta faɗa mata komai a tsaye a bakin ƙofa, ba wasa ba kwana: ruwan gora, gashin baya, kwalin ɗan shekara goma sha huɗu. Majda ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Kin tozarta shi a gaban duniya, yanzu kin zo ki ce mini ba shi da lafiya don ki wanke kanki." Ta rufe ƙofa. Zdenka ta kira Drago ta waya ta faɗa masa, ya ce zai duba, cikin irin muryar da ake yi wa tsohuwar da aka karɓe wa aiki. Da ta yi maganar a Janairu, maganar Teta ce, wadda ba a sake auna ɗinkinta. A Maris ta zama maganar mai neman uzuri.

Telan birni ya rage rigar sau biyu. A Norway Lenart ya zo na bakwai da na sha ɗaya. A Planica, ranar Lahadin rufe gasa, kwarin ya cika da tutoci da masu kiɗa, ƙauyenmu ya tashi kaf a bas biyu. Ya yi mita ɗari biyu da talatin da ɗaya, nisan da bai taɓa yi ba, ya zo na shida. Muka yi ihu har muryoyinmu suka dushe. Ni ma na yi. Zdenka tana gida tana sassabe tuffarta.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka ya faɗi a tsakar gidan mahaifiyarsa yana ɗauke da itace uku. Zuciyarsa ce ta rikice. Motar asibiti ta iso a kan lokaci, da ƙyar. Ya yi wata huɗu a birni, rabi a ɓangaren zuciya, rabi a ɓangaren da ake koya wa manya cin abinci. Ya dawo da rai. Likitoci sun ce shi da tudu har abada. Yanzu yana aiki a shagon kayan wasanni a wani gari, yana hawa bene a hankali. Idan ya zo ƙauye yakan bi ta hanyar bayan coci don kada ya wuce ƙofarta. Majda tana gaishe ta, gaisuwa kawai. An cire hoton daga gidan abinci, ba a ce komai ba.

Gidanmu yana kallon nata, kuma labarin nan a zama da yawa ta ba ni shi, kaɗan-kaɗan, tana aiki ina zaune. A kakar da ta wuce na tambaye ta ko tana ganin da ta rage rigar abin zai canza.

"Da na rage, da ya samu kyautarsa ya faɗi. Ban rage ba, ya rasa kyautar ya faɗi." Ta ciji zare. "Shekarata sittin da ɗaya a lokacin, na binne miji, amma kalma huɗu, 'Kana mutuwa ne, Lenart,' suka fi ƙarfina. Sai na aiki allura ta faɗa mini. Allura kuwa me ta sani?"

Ƙungiyar ƙauye ba ta karɓe mata rigunan yara ba, don babu wanda zai yi su. Ta duba agogon bango, ta ce ƙarfe huɗu iyaye za su kawo su zauren makaranta, su goma sha ɗaya, har da 'yan mata uku bana. Ta rataya tef a wuya, ta zuba alli da fil a aljihun rigar sanyinta, ta ce in ja mata ƙofar in na fita. Ta hau matakala ta bi hanyar makaranta.